Amsar Da Na Kawo Daga Takoradi

Ranar da labarin ya iske ni, ya riga ya kwana biyu a cikin jakar ƙawata Enyonam. Tare muka ci abinci da shi, tare muka shiga mota. Ni ce ma na riƙe mata jakar a kan cinyata tun daga Akra har Ho, wayar na ciki, ban sani ba.

Sunana Sefako. Tela ce ni a Kpalime, shagona na bayan kasuwa kusa da masu niƙa. A aji huɗu na bar makaranta, in kun ga rubutun ya karkace ku yi haƙuri da ni. Abin da na tuna shi zan faɗa muku. Akwai wuraren da ban tuna komai ba, zan tsallake su.

A farkon Disamba mutanen Elom suka zo ƙwanƙwasa ƙofarmu, wato neman aurena. Elom mai gyaran keken ɗinki ne. Shekara uku yana zuwa shagona, wani lokaci sau biyu a sati, da jakarsa mai ƙamshin mai.

"Fo Elom, keken nan ba abin da ya same shi," nakan ce. Fo shi ne yaya a harshenmu.

"Ke kike ganin haka. Ni tun daga bakin titi na jiyo yana tari."

Sai ya zauna ya kwance abin da ba ya buƙatar kwancewa. Shi ya koya min ɗiga mai wuri uku kowace safiya kafin in taka: saman allura, gindin ƙafa, da ƙaramin ramin da ke bayan kai. Ya ce keke ba ya son a tuna da shi sai ranar da ya tsaya.

Kawunsa ne ya zo da mutum biyu, ɗauke da korayen kwalabe biyu na barasa a ɗaure cikin farin ƙyalle. Babana ya rasu tun ina ƙarama, saboda haka Tasi, yayarsa, ita ke karɓar irin wannan baƙo. Ta karɓa ta ɗora a saman kabad ɗin falo, ta ce su dawo bayan sati biyu. Ba a buɗe kwalba sai an tambayi yarinyar da ake nema. In ta ce a buɗe, babba ya buɗe ya fara zuba wa waɗanda suka riga mu gidan gaskiya a bakin ƙofa. In ta ce a'a, a mayar da ita a ɗaure yadda ta zo.

Tasi ta tambaye ni, amma ba irin tambayar da ake nufi ba.

"Sefako, shekarunki ashirin da tara. Ga mai baƙin mai a farce, ga Agbeko mai kantin magani a Lome, da mota, da gidan sama. Ni ban ce komai ba."

"Kin ce, Tasi."

"Ban ce ba. Kwalba ce ke tsaye a kan kabad ɗina tana hana ni barci."

Mahaifiyata tana gefe tana ɓare gyaɗa, Dada muke ce wa uwa a wurinmu. Ba ta ɗago ba. Tun rasuwar Baba ba ta musu da Tasi.

Na ce wa Tasi amsata sai na dawo daga tafiya. Tun watan Agusta muka shirya mu uku za mu yi Kirsimeti a Gana, gidan yayar Enyonam a Takoradi. Ni da Enyonam mai kitso, da Mawusi mai sayar da takalma, wadda bakinta ba ya hutawa. Ban taɓa tsallaka iyaka ba. Kada ku ce ba na son Elom. Kwana biyar kawai nake so wanda ba mai tambayata komai.

Shi ya kai ni tasha a babur ɗinsa ranar ashirin da biyu ga wata. Ya sauke min jaka, ya gyara mata zif ɗin da ya ƙi rufuwa.

"Kwana nawa?"

"Biyar."

"To. Ni ba na son tsaraba, amsa nake so."

"In amsar ba daɗi fa?"

"Sai ki haɗo da tsaraba."

Mawusi ta leƙo ta tagar mota. "Angon kwalba, sakar mana ita haka. Ba sayar da ita za mu yi ba."

Ya yi dariya. Ya ce gobe zai hau dutse ya kai wa wata tsohuwa kekenta da ya gyara, jikokinta na jiran kayan Kirsimeti. Rigarsa shuɗiya ce, maɓalli na biyu ni na sa masa da farin zare don shuɗin ya ƙare min. Abin da na gani ke nan na ƙarshe, farin zaren.

Da muka tsallaka iyaka wayata ta zama dutse, layinmu ba ya aiki a can. Enyonam kaɗai ta sayi layin Gana, ta tura wa Dada lambar saboda ko da wani abu.

Ɗakin da aka ba mu katifa ɗaya ce a ƙasa, da fanka mai ƙara kamar injin niƙa, da labule mai hoton kifi. Mun rataye ankonmu a ƙusa bayan ƙofa. Ni na ɗinka mana, atamfa ruwan ƙwai mai tsuntsaye. Na Mawusi ta ce in matse shi har sai ta kasa numfashi, na matse.

Safiyar jajibiri muna zaune a tsakar gida muna cin dokunu, tuwon masara mai tsami, da soyayyen kifi, wayar Enyonam ta yi ƙara. Ta duba, ta ce wata mai son kitso ce, ta zagaya bayan gida. Ta daɗe. Sai ta kira Mawusi ta zo ta ga wani abu. Ni na ci gaba da cin kifina, har na ɗauki kan na Mawusi. Da suka dawo idon Mawusi ya yi ja.

"Me ya same ki?"

"Barkonon mutanen nan. Ba abinci ba ne, faɗa ne."

Enyonam ta wanke hannu ba ta ƙara ci ba. Da rana na ce ta ara min waya in gaida Elom, ta ce layin ba ya shiga. Da yamma ta ce caji ya ƙare. Ban kawo komai a raina ba. Enyonam dama haka take da wayarta, kamar ita ta haife ta.

Abin da na lura da shi kawai, sun daina tsokanata. Tun a mota suke kirana amaryar Ƙwaya-Uku, wai Agbeko ko gaisuwa zai yi sai ya ce safe, rana, dare. Ranar ba wadda ta ambaci Agbeko, ba wadda ta ambaci kwalba. Mawusi ta saya min ɗankunne, ita da ba ta taɓa saya min ko ruwan leda ba. Na ce a raina, ƙasar waje na gyara mutum.

Ranar Kirsimeti muka sa anko muka je coci. Ban ji kalma ɗaya ta wa'azin ba, amma waƙoƙin namu ne, harshe kawai aka canza. Bayan an tashi muka bi jama'a zuwa babban titi, inda masu shigar dodanni ke wucewa ƙungiya-ƙungiya da ƙaho da ganguna. Kowa na kallon fuskokinsu. Ni ɗinkin nake kallo. Ƙananan ƙyallaye ne, ja, kore, ruwan goro, an jera su ɗaya kan ɗaya daga wuya har idon sawu, ɗaruruwa a riga ɗaya. Na ce keken da ya yi wannan aiki ya sha wuya, in Elom ya gani zai ce a kai shi asibiti.

Sai na tsaya. Na tuna da teku da na gani shekaranjiya, na ce zan gaya wa Elom. Da matar da ta ɗora kifi ya fi ta tsawo a ka, na ce zan gaya wa Elom. Kwana uku duk abin da na gani ajiye masa nake yi. Ko sau ɗaya Agbeko bai faɗo min ba.

Na kamo hannun Enyonam. "Ba ni wayar."

"Ba caji."

"Ƙarya kike, na ga kin cire ta a wuta da safe. Saƙon murya kawai zan yi masa."

Mawusi ta ce, "Ki bari mu koma gida mana, Sefako. Me kike ci na sauri?"

"Yanzu nake so. In na koma Tasi za ta sake ruɗa ni."

Suka kalli juna. Enyonam ta ciro wayar, amma ba ta ba ni ba. Ta danna da babban yatsanta ta kawo min kusa da baki. Ta kau da kai, na ɗauka turereniyar mutane ce ta dame ta. Ƙaho na tashi a bayana, sai da na ɗaga murya.

"Fo Elom, ni ce. Ina tsakiyar titi, kana jin kiɗa? Ka je ka gaya wa Tasi ta sauko da kwalbar nan. Na ce a buɗe. Tsaraba kuma babu, kai ka ce ba ka so."

Ina dariya na gama. Mawusi ta juya ta kutsa cikin masu rawa, ta yi ta rawa kamar ba lafiya ba, har ɗinkin hammatarta ya ɓarke. Fuskarta jiƙe. Na yi ta yi mata dariya, na ce gumi zai kashe ta.

Washegari da asuba Enyonam ta tashe ni. Ta ce an kira, Dada ba ta jin daɗi, ba wani abu ba ne sosai, amma gara mu koma. Muka haɗa kaya. Ban tuna hanyar ba sai kaɗan. Na tuna wani mai wa'azi a cikin motar Akra yana sayar da man zafi. Na tuna sau uku ina tambaya ko Elom ya amsa, sau uku Enyonam ta ce layi. A Akra ta ce kanta na ciwo, ta ba ni jakar in riƙe, ta jingina da taga ta rufe fuska da ɗankwali.

Rana ba ta faɗi ba muka shiga gida. An jera bencuna a tsakar gida, matan cocinmu na zaune. Na ce a raina Dada ta mutu. Sai ga ta ta fito daga ɗaki a kan ƙafafunta, lafiyarta ƙalau. Daɗi ya kama ni.

Aka ba mu kujera, aka kawo ruwa a kofin silba. Ba a gaya wa matafiyi komai sai ya sha ruwa, kuma shi ke fara ba da labarin hanya kafin gida ya ba da nasa. Na sha rabi. Tasi na zaune gabana da hannu a kan gwiwa.

"Sannu da hanya. Me kuka baro a can?"

Na ce lafiya muka je, lafiya muka samu masu gida, suna gaisuwa. Na ce mun ga teku, mun yi sujada. Ya kamata in tsaya a nan. Amma ga Dada a raye, ga mutane cike da gida, na ce bari in faɗa a gaban kowa yadda Tasi ba za ta iya juya shi ba.

"Kuma na zo da amsata, Tasi. A buɗe kwalbar Elom."

Ba wanda ya motsa. Wata tsohuwa a benci na baya ta sa bakin zani a baki. Enyonam ta tashi ta fita waje.

Tasi ta ce, "Mun ji na hanya. Na gida ba daɗi."

Ta faɗa a hankali, kamar mai karanta sanarwa a coci. Ranar ashirin da uku, da la'asar, a kwanar dutse. Motar katako na saukowa, shi yana hawa da keken ɗaure a baya. Bai kai asibiti ba. Keken bai yi komai ba, wani ya ƙarasa wa tsohuwar da shi. Dada ce ta kira Enyonam, ta ce kada a gaya min a ƙasar mutane, a bar ni in ci Kirsimetina.

Ku da kuke karantawa, na san kuna jiran in ce na faɗi, ko na yi ihu. Ban yi ba. Na ce, "To." Na shanye sauran ruwan. Na ga kalmasar hannun rigar Tasi ta warware, ni na ɗinka rigar, na ce a raina gobe in karɓa in gyara. Na cire takalmina na jera su. Abin da na tuna ke nan na ranar.

Kwana uku ina zaune a ɗaki ina jin maganarsu ta bango. Gawar na ɗakin sanyi, an sa jana'iza sati uku. Tasi ta ce kafin nan dole kwalaben su koma.

Ta shigo ta same ni. "Ki saurare ni, 'yar ƙanena. Lokacin da kika yi maganar nan, ya kwana biyu ba ya duniya. Maganar da aka yi wa wanda ba ya nan ba magana ba ce. In kwalaben suka kwana a gidan nan har aka binne shi, tasu ce ke. Baƙin zani, watanni, zama a tabarma. Kan me? Ko hannunki bai riƙe a gaban mutane ba."

Ta matso kusa da ni ta ci gaba.

"Agbeko ya aiko da ta'aziyya. Mutumin kirki ne. Amma ba zai jira matar mamaci ba."

Na kalli Dada da ke tsaye a ƙofa. Ta ce, "Tasinki ta fi ni sani."

Aka sa ranar Asabar da safe. Tasi ta sa aka kira dattawa biyu da za su kai. Suna zaune a falo ana jiran a sauko da kwalaben, sai aka yi sallama. Mahaifiyar Elom ce, cikin jan zani da baƙi, ita kaɗai. Ƙaramar mace ce, tana sayar da gawayi. Ban taɓa yin magana da ita ba bayan gaisuwa. Aka ba ta ruwa, ta sha, aka tambaye ta me ta zo da shi.

Ta kwance bakin zaninta ta ciro wayar Elom. Gilashin ya tsage kamar saƙar gizo. Ta danna, ba ta yi kuskure ba, da gani ta danna sau da yawa.

Ƙaho ya cika falon Tasi. Sannan muryata, tana dariya. Na ce a buɗe. Tsaraba kuma babu.

Daga baya Enyonam ta gaya min ba ta yi niyyar tura saƙon ba. Ja za ta yi gefe ta goge, yatsanta ya zame.

Matar ta kashe wayar. Ba ta kalli Tasi ba, ni ta kalla.

"'Yata, ban zo in ɗora miki baƙin zani ba. Na sa shi sau ɗaya, na san nauyinsa. Ɗana ya tafi bai ji wannan ba. Kullum da safe sai ya ce min, Dada, kina ganin za ta yarda? Tambaya ɗaya na zo da ita. Kiɗa ne ya sa kika faɗa, ko har yanzu haka ne? In kiɗa ne, ku ba ni kwalabena in tafi da su da kaina, ba sai an wahalar da dattawa ba."

Tasi ta ce, "Yarinyar ba ta cikin hankalinta. Kwana uku ba ta ci abinci ba."

"Shekaruna ashirin da tara, Tasi. Ke kika faɗa."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na jawo kujerar tsugunno na taka, na kwance farin ƙyallen, na ɗauko ɗaya. Ɗaya daga cikin dattawan ya ce, "Ba ke ke buɗewa ba, 'yata." Na ji shi. Ban taɓa jin macen da ta buɗe tata da kanta ba. Na miƙa masa, ya kalli Tasi, ya sa hannunsa a aljihu. Na miƙa wa na biyun, ya kalli ƙasa.

Murfin ya yi tauri. Na naɗe shi da bakin zanina na murɗa har ya yi ƙas. Na je bakin ƙofa. Ban san kalmomin da manya ke faɗa ba. Na ce, "Baba, ga shi." Na zuba kaɗan. Na ce, "Elom, ni ce, Sefako. Na ce a buɗe." Na zuba. Ƙasa ta shanye, ban tsaya ba sai da kwalbar ta ƙare.

Mahaifiyarsa ce ta yi kukan. Dada ta zo ta tsaya kusa da ni, ba kusa da Tasi ba.

Ranar jana'iza na zauna a tabarma cikin danginsa. Baƙin zanin ni na ɗinka da kaina, ban sa masa ado ba. Yau wata uku ke nan ina cikinsa. Mawusi na zuwa shago kullum ta zauna ta yi ta surutu, ina jin sautin, ba na bin maganar. Enyonam kuwa sau biyu ta zo. Ba fushi nake da ita ba, Dada ce ta sa ta. Amma in na ga babban yatsanta sai in kau da kai. Ankon nan mai tsuntsaye na ƙasan akwati, ban wanke shi ba.

Tasi ta daina yi min magana tun ranar. Sai jiya. Ta tsaya a ƙofar shago, ba ta shigo ba.

"Kwalba biyu aka kawo, ɗaya kika buɗe. Ɗayar na nan a kan kabad ɗina. Mutanen Agbeko na Lome sun tambaya ko su zo bayan Ista. Na ce zan tambaye ki."

Na ce na ji. Ta tsaya kaɗan, ta tafi. Hannun rigarta har yanzu a warware yake.

Ban san abin da zan ce mata ba, ban ma fara tunani ba. Kwalbar da na buɗe na wanke ta, ta bushe, na juye man keke a ciki. Tana nan ƙarƙashin teburin yanka. Kowace safiya in na buɗe shago, kafin in taɓa kayan kowa, sai in tsoma tsinken tsintsiya a ciki. Saman allura, gindin ƙafa, ƙaramin ramin bayan kai. Sannan in taka shi ba zare, sau biyar ko shida, in kasa kunne in ji ko yana tari.